Sanyaya Kwamfuta da Ruwa: Abin da Za a Saya Yanzu da Abin da Za a Jira

Wasiƙun da suka iso filin tambaya da amsa a wannan karo yawancinsu daga masu haɗa kwamfutar tebur da hannunsu ne, kuma kusan duk a kan sanyaya ta da ruwa suke. Ga wanda bai saba ba, tsarin tamkar na mota ne. Famfo yana tura ruwa ta cikin bulok, wato farantin jan ƙarfe da ke manne a kan abin da ke zafi. Ruwan ya kwashi zafin ya kai lagireto, fanka ta hure shi, sannan ya dawo tanki.

Assalamu alaikum. Ina haɗa kwamfuta don tace bidiyo da zanen gine-gine. Na tara kuɗin kayan ruwa, sai nake ta jin wai sababbi suna tafe. In saya ko in dakata? — Mai karatu daga Kano

Wa alaikumus salam. Malam, raba kayan gida biyu, sai amsar ta fito da kanta. Akwai waɗanda ba sa tsufa: lagireto, famfo, tanki, mahaɗan tiyo da fankoki. Kusan duk kamfanonin wannan harka, daga Alphacool da Watercool da Aqua Computer na Jamus, zuwa EK na Sulobeniya, da Corsair na Amurka, da Bykski da Barrow na Sin, a kan ma'aunin murɗi ɗaya suke yanka bakin kayansu, wato G1/4. Mahaɗin da ka saya yau zai shiga bulok ɗin da ba a ma ƙera ba tukuna. Famfon D5 da ake yayi yanzu, tsarinsa ya haura shekara 15 a kasuwa, abin da ke sauyawa kawai gidan da ake zaunar da shi da yadda ake sarrafa gudunsa. Waɗannan ka saye su duk ranar da ka samu da farashi mai kyau.

Bulok ne kaɗai ke tafiya da zamani, shi ma na furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, bai cika wahalarwa ba. Soket ɗin AM5 na AMD, wato gurbin da furosesa ke zama, ya fito a 2022, kuma kamfanin ya ce zai ci gaba da shi har 2027 da bayanta. Ramukan ɗaure shi iri ɗaya ne da na AM4, amma da sharaɗi: farantin da ke bayan madabod, wato babban allon da sauran kaya ke hawa, a AM5 ba a cire shi, don shi ke riƙe da maƙallin soket ɗin. To duk tsohon bulok ɗin AM4 da ke zuwa da nasa farantin baya sai an nemo masa wasu sukurori na musamman. A ɓangaren Intel, LGA1851 da ya fito a 2024 ya riƙe tazarar ramuka ta LGA1700, milimita 78 kowane gefe. Na LGA1200 da jerin LGA115x da suka gabace shi 75 ne, ba za su hau ba sai da sabon maƙalli.

Inda sababbin bulok suka ɗan yi fice shi ne sanin inda zafin yake. A furosesan Ryzen na AM5, gutsattsarin da ke aikin lissafi ba a tsakiyar murfin suke ba, sun karkata ƙasa, shi ya sa ake yin maƙallin da ke zamar da bulok ɗin ƙasa da kamar milimita 7. A Core Ultra na LGA1851 kuwa wurin zafin ya matsa sama. Ribar da ake samu 'yan digiri ne, 1 zuwa 3. Tana da amfani, amma ba ta isa a ajiye aiki wata shida ana jiranta ba.

Sauran abubuwan da ake nunawa a baje kolin CES na Las Vegas a Janairu, da Computex na Taife a wajen Mayu ko Yuni, mafi yawansu na ido ne: ƙaramin allo a kan bulok, fankoki masu maƙalewa da juna ba waya, faffaɗan farantin rarraba ruwa da aka yanka daidai da wani akwati guda. Shi wannan farantin a yi hattara da shi, domin ranar da ka sauya akwati ya zama na ajiya. In kana son madabod mai soket ɗin wayoyi ta baya, irin BTF na ASUS ko Project Zero na MSI, to akwatin za ka fara tabbatarwa, tun kafin kayan ruwa.

Na ga ana maganar mai sanyaya da ruwa wanda ba shi da famfo sam. Yaya yake aiki, kuma zai kori na yanzu? — Mai karatu daga Damagaram

Ɗan'uwa, abin gaskiya ne. Ruwan da ke cikinsa ba na sha ba ne, wani sinadari ne mai tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Yana taɓa furosesa sai ya zama tururi ya hau sama, ya huce a lagireto, ya koma ruwa, nauyinsa ya dawo da shi ƙasa. Zafin da ake son korewa shi ne yake yin aikin famfo. Kamfanin IceGiant na Amurka ya riga ya sayar da irinsa, kuma Noctua na Ostiriya ya nuna nasa samfurin gwaji a Computex na 2024, tare da haɗin gwiwar Calyos na Beljiyam.

Kyawunsa, babu famfon da zai yi ƙara ko ya mutu. Amma dole lagireton ya zauna sama da furosesa, in aka kwantar da akwatin ta wata fuska aikin ya tsaya. Rufaffe ne, ba a ƙara masa katin hoto, mai sarrafa abin da allo ke nunawa, a layi. Don haka kishiyar rufaffen mai sanyaya ne, wanda ake saya a haɗe da ruwansa, ake kira AIO, bai shafi mai haɗa layinsa da kansa ba. Wani sauyin da ya fi kusa da aljihu shi ne haƙƙin mallakar da Asetek na Denmak ya daɗe yana riƙe da shi a Amurka, na ɗora famfo a kan bulok, wanda wa'adinsa ya ƙare a 2025. Da can sauran kamfanoni sai su sayi famfon Asetek ko su kauce su sa nasu a tiyo ko a lagireto. Yanzu hanya ta buɗe musu.

Ɗakina yana kai digiri 38 a bazara, ba ni da na'urar sanyaya ɗaki. Zan sa RTX 5090 da Core Ultra 9 285K. Lagireto 360 guda ɗaya zai isa? — Mai karatu daga Sakkwato

Ba zai isa ba, Malam, ko kusa. Wannan ce tambayar da muka fi so kowa ya karanta amsarta, domin a nan kuɗin mutane suka fi salwanta.

Ruwa ba ya ƙirƙirar sanyi, ɗaukar zafi yake daga nan ya kai can. Duk yadda aka yi, ruwan da ke layin ba zai sauka ƙasa da zafin iskar da ke shiga lagireto ba. Gwaje-gwajen da ake gani daga Turai da Amurka a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 ake yin su. Kai kuwa daga 38 za ka fara ƙirga, wato an riga an ci ka tarar digiri 15 tun ba ka kunna ba.

Ga lissafin. Katin hoto RTX 5090 na Nvidia, wanda ya fito a Janairun 2025, yana jan wat 575. Shi furosesa 285K yana kaiwa 250. Famfo ma yana zuba nasa kamar 20 a ruwan. Jimla ta doshi wat 850. Ƙa'idar da masu harkar suka saba da ita ita ce kowane gurbin fanka mai milimita 120 yana korar wat 100 ko ƙasa da haka kaɗan, in ana son ruwa ya tsaya digiri 10 sama da ɗaki kuma fankokin suna gudu matsakaici. Lagireto 360 gurbi 3 ne, wat 300 ke nan. In ka ɗora masa 850 shi kaɗai, ruwan zai hau kusan digiri 28 sama da ɗaki, a ɗakinka 66 ke nan. Iyakar da aka rubuta wa famfon D5 kuwa 60 ce. Da guda 2, tazarar ta sauko wajen 14, ruwa 52. Zai yi aiki, amma fanka za ta yi ta kuka. Da guda 3, ruwa yana wajen 47 zuwa 48. Wannan shi ne abin da za mu kira daidai.

In akwatin ba zai ɗauki 3 ba, akwai lagireto na waje. MO-RA na Watercool, samfurin 360, yana ɗaukar fanka 9, daidai da lagireto 360 guda 3 a jiki ɗaya. Ana haɗa shi da akwati ta tiyo biyu da mahaɗai masu rufe kansu in an zare, irin QD3 na Koolance. Ƙarin fa'idarsa a ƙasa mai zafi, iskar ɗaki yake sha kai tsaye, ba wadda ta riga ta ɗumama a cikin akwati ba, kuma share masa ƙura ba wuya.

Yawan fili ya fi kauri. Siririn lagireto mai milimita 30 guda 2 sun fi mai kauri 60 guda ɗaya nesa ba kusa ba. Sannan a duba cunkoson fukafukan da ke tsakanin bututunsa. Mai fukafuki 14 zuwa 16 a kowane inci ya fi dacewa da garin da hunturu ke kawo ƙura, mai 20 zuwa sama yana toshewa da wuri.

Akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo: rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80 cikin 100. Ya sauko daga 575 zuwa 460, an huta da wat 115, fiye da aikin gurbin fanka ɗaya, kuma saurin da ake rasawa bai kai yawan wutar da aka rage ba. Kada kuma a manta duk wat 850 ɗin nan a ɗakin suke ƙarewa. In ƙofa da taga suna rufe, 38 ɗin da ka fara da shi zai zama 41 bayan awa biyu, ruwan ma ya bi shi. Masu tunanin jefa ƙanƙara a tanki ko tsoma lagireto a ruwan sanyi su dakata. Da zarar tiyo ya fi iskar ɗaki sanyi sosai, raɓa za ta keto a jikinsa da jikin bulok, musamman da damina, ta ɗiga kan madabod.

Na ga bulok ɗin katin hoto an rubuta 5090 a kansa, da araha. In saya kafin katin ya iso? — Mai karatu daga Kaduna

A'a, katin za ka fara riƙewa a hannu. Bulok ɗin katin hoto ba don sunan 5090 ake yanka shi ba, don allon wani kamfani guda ake yi. Na ASUS daban, na MSI daban, na Gigabyte da Zotac da Palit kowa da inda ya jera kayansa, kai ko a kamfani ɗaya samfuri biyu kan sha bamban. Na Nvidia kansa, Founders Edition, allonsa kashi 3 ne da aka haɗa, kuma narkakken ƙarfe aka shafa masa maimakon man da aka saba, don haka kwance shi aikin gwani ne. Duba cikakken sunan katinka a jerin da mai bulok ɗin ya fitar. In babu shi a jerin, kada wani ya ce maka ai kusan ɗaya ne.

Wajen ɗaurawa, abin da ya fi ɓata aiki shi ne kaurin 'yan shimfiɗun da ake ɗorawa a kan ma'ajiyar katin da masu daidaita wutarsa. Suna zuwa milimita 0.5, 1.0 ko 1.5, kuma takardar bulok ɗin ta faɗi inda kowanne zai zauna. In ka sa mai kauri inda ake son siriri, sai ya ɗage bulok ɗin, ya bar ƙwayar katin, wato guntun da ke aikin lissafi, ba ta taɓa jan ƙarfe sosai ba, ka ga zafi ya haura 90 cikin daƙiƙu alhali ruwa na gudu. In ka sa siriri, ma'ajiyar ce za ta gasu. A ɓare ledar da ke fuska biyu na kowace shimfiɗa. A ɗaure sukurori 4 na kewayen ƙwayar a gicciye, rabin murɗi rabin murɗi, domin ƙwayar ba ta da murfi, matsi ta gefe ɗaya yana iya ɓantare kusurwarta. Kafin a kwance komai, a kunna katin da fankarsa ta asali na kwana biyu ko uku a tabbatar lafiyarsa ƙalau, a kuma karanta sharaɗin garanti, don wasu kamfanoni suna janye shi in an buɗe.

Abu ɗaya da ruwa ba ya taimaka masa shi ne filogin wuta na 12V-2x6. Wat 600 a kan bolt 12 amfiya 50 ne, a raba wa waya 6, kowace tana ɗauke da 8 da ɗoriya, iyakarta kuma 9 da 'yan kai. Tazarar kaɗan ce. In filogin bai shige har ya yi ƙas ba, wasu wayoyin sai su ɗauki nauyin 'yan'uwansu su yi zafi har roba ta narke. Da ka cire fankokin katin kuma, iskar da ke bi ta wurin ta tafi. A tura shi har ƙarshe, kada a lanƙwasa wayar sai bayan milimita 35 daga filogin, a bar fanka ɗaya ta akwati tana hura wurin.

Wane ruwa zan zuba? Akwai ruwan leda, akwai ruwan batir, wani makanike kuma ya ce in sa na lagireton mota. — Mai karatu daga Maraɗi

Ruwan leda, na gora, na rijiya ko na famfo, duk a bar su. Suna da gishirin ƙasa da ke kwantawa kamar farin da ake gani a gindin butar shayi. Ramukan da ke cikin bulok kuwa faɗinsu bai kai rabin milimita ba, kaɗan ya isa ya toshe su. Abin da ake so shi ne ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa, irin wanda shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje suke sayarwa. Ruwan batir na gaskiya shi ne wannan, amma a kasuwa ba kowace jarka ce ke ɗauke da abin da aka rubuta mata ba, wani ma an garwaya shi da asid. Ɗiga kaɗan a kan gilashi mai tsabta ka bar shi ya bushe, in ya bar tabo ka ajiye shi. Ɗan ma'aunin TDS na aljihu, mai auna gishirin da ya narke a ruwa, ya fi tabbas, ya kamata ya nuna sifili ko kusa da shi.

Tataccen ruwa shi kaɗai ma bai isa ba, yana buƙatar maganin hana gansakuka da maganin hana ƙarfe ciwo. Mafi sauƙi a sayi wanda aka riga aka haɗa, garai-garai, irin DP Ultra na Aqua Computer ko CryoFuel na EK. Yawancin layuka lita 1 zuwa 1.5 suke sha, a sayi 2. Masu kauri kamar fura, masu launi mai ɗaukar ido, ƙwayoyin da ke cikinsu suna kwanciya a bulok, zafi kuma yana gaggauta hakan. Ba mu ba da shawararsu ga kwamfutar aiki ba.

Makanikenka bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Ruwan lagireton mota yana da maganin tsatsa, kuma ana amfani da shi in an sirka, kashi 1 zuwa 2 cikin 10, sauran tataccen ruwa. Amma ba ya shiri da bututun PETG, wata roba mai tauri, kuma guba ne mai zaƙi, a ɓoye shi daga yara.

Abin da ya fi ruwan muhimmanci shi ne kada a haɗa alminiyum da jan ƙarfe a layi ɗaya. In suka haɗu ta cikin ruwa sai su zama kamar batir, alminiyum ɗin ya riƙa zagwanyewa har ya huje, dattinsa ya toshe bulok. Jan ƙarfe, tagulla da rufin nikel suna zama lafiya tare. Lagireto mai arha fiye da kima, marar nauyi a hannu, yawanci alminiyum ne. Haka kuma kada a jefa ɗan nadin azurfa a tanki in akwai bulok mai rufin nikel, yana iya ɓata rufin. A sauya ruwa duk shekara, a wuri mai zafi sosai ma duk wata 8 zuwa 9.

D5 ko DDC? Kuma wane ne ruwa zai fara bi, furosesa ko katin hoto? — Mai karatu daga Jos

Dukansu famfuna ne, asalinsu ƙirar kamfanin Laing ne na Jamus. D5 yana tura har lita 1500 a awa in ba abin da ya tare shi, yana ɗaga ruwa kusan mita 3.9, ƙararsa ƙasa-ƙasa ce, kuma ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi. DDC ƙarami ne, lita 1000 a awa, amma ya fi ƙarfin matsi, sama da mita 5. Sai dai zafinsa ta gindi yake fitarwa, yana son farantin sanyaya da iska. In da wuri a akwati, D5 ne zaɓinmu, balle a gari mai zafi.

Jerin kuwa ba ya sauya komai sosai. Ruwan da ke gudun lita 200 a awa sai ya kwashi wat 232 kafin ya ƙaru da digiri 1. Ko kwamfuta mai wat 850, bambancin wuri mafi zafi da mafi sanyi a layin bai kai digiri 4 ba. Bi hanyar da tiyo zai fi gajarta kuma ba zai karye ba. Doka ɗaya ce ba a karyawa: tanki ya zauna sama da famfo, ya zuba masa kai tsaye. Abin da ke juyawa a cikin famfon a kan ɗan ƙwallon tangaran yake zaune, ruwa ne man shafawarsa, in ya juya a bushe nan da nan yake lalacewa.

Bututu mai tauri ya fi kyau a ido. Ko akwai matsala? — Mai karatu daga Bauchi

Ya danganta da irinsa. PETG yana da sauƙin lanƙwasawa, amma shi ne ya fi rauni gaban zafi. In ruwa ya daɗe yana haura digiri 45 zuwa 50, bakinsa yakan yi laushi ya motse a cikin mahaɗi har ya zame. Ga wanda ɗakinsa ke kai 38, wannan zafin ruwa na kullum ne. Akirilik ya fi jurewa, sai dai yana tsagewa in an matsa, kuma kada sifirit ya taɓa shi ko murfin bulok mai garai-garai, don yana sa su tsattsage. Ga aikin farko, baƙin tiyon roba na EPDM mai milimita 10 a ciki 16 a waje shi ne kwanciyar hankali. Ba ya karyewa a kwana, ba ya zubar da maiƙon da tiyon PVC ke saki ya manne a bulok. A tabbatar mahaɗin daidai yake da tiyon: na 10/13 ba ya kama 10/16.

Na gama haɗawa, amma tsoro ya hana ni zuba ruwa. Yaya zan tabbatar ba ya yoyo? — Mai karatu daga Kumasi

Tsoron nan a wurinsa yake, Malam. Muna fata ka wanke lagireto kafin ka ɗaura. Sabo yakan zo da ragowar dattin walda a cikinsa. Ana cika shi rabi da tataccen ruwa mai ɗumi, a toshe, a girgiza minti 1 ko 2, a juye a farin kwano, a maimaita har sai ba a ga baƙin ɗigo ba. In ba ka yi ba, kwance shi ka yi, ya fi sauƙi a kan buɗe bulok daga baya. Duba sukurorin fanka ma. Fanka mai kaurin milimita 25 sukuru mai 30 take so, in ka sa mai 35 ba tare da ƙarfen akwati mai kauri a tsakani ba yana iya huda bututun lagireto. Murɗinsu kuma ya bambanta, akwai M3, M4 da 6-32, a yi amfani da waɗanda suka zo a kwalinsa.

Da iska ake fara gwaji. Akwai ɗan famfon hannu mai agogo da ake murɗawa a bakin G1/4 guda. A hura zuwa bar 0.3 ko 0.5, ba fiye ba, musamman in akwai faffaɗan farantin akirilik. A rufe a jira minti 15. In allura ba ta motsa ba, layin a rufe yake. In tana sauka, yawanci ɗaya daga cikin uku ne: marufin da aka manta ba a ɗaure ba a bayan lagireto, zoben roba da ya fita daga gurbinsa, ko mahaɗi mai juyawa da tiyo ke ja ta gefe. Da hannu ake ɗaure mahaɗi, ba da filaya ba. Zoben roba ne ke tare ruwa, ƙarin ƙarfi akirilik kawai zai fasa.

Sai zubawa. Zare duk wayoyin wuta daga madabod da katin hoto da ma'ajiyar bayanai, a bar famfo kaɗai. A sa ɗan filogin gada a kan babbar waya mai baki 24, wanda ke haɗa baki na 16 da na "ground", wato na baƙar waya, don akwatin wuta ya tashi ba tare da madabod ba. Shimfiɗa farar takardar goge hannu a ƙarƙashin kowane mahaɗi. Cika tanki, kunna, da ruwan ya kusa ƙarewa a tanki ka kashe, ka sake cikawa. Sau 4 ko 5 layin zai cika. Daga nan a bar shi yana gudu, ana karkata akwatin gaba da baya a hankali don iskar da ta maƙale a lagireto ta fito. A ba shi awa 12 zuwa 24 ana duba takardun. Ƙananan kumfa sukan ɗauki kwana biyu kafin su ɓace, wannan ba matsala ba ce. A bar ɗan sarari a saman tanki, don ruwa yana kumbura in ya ɗumama.

Ga mai hali, akwai LEAKSHIELD na Aqua Computer, wanda ke zuƙe iska daga tanki ya bar layin cikin matsin da bai kai na waje ba. In ƙaramin rami ya samu, iska ce za ta shiga maimakon ruwa ya fita, ya kuma yi ƙara ya sanar. Kada kuma a manta da bakin zubarwa mai makulli a wuri mafi ƙasa na layin, ranar sauya ruwa za a gode masa.

In an ɗauke wuta famfo ya tsaya, furosesa ba zai ƙone ba? — Mai karatu daga Gombe

Ba zai ƙone ba, tare suke mutuwa, kuma zafin da ya rage ruwan da ke cikin bulok ya isa ya shanye shi. Haɗarin yana wurin famfon da ya tsaya alhali kwamfuta na aiki. A haɗa wayar da ke ƙirga juyinsa a bakin CPU_FAN na madabod don a samu gargaɗi, a kuma sa ma'aunin zafin ruwa mai murɗin G1/4, a ɗaura gudun fanka a kansa maimakon zafin furosesa.

Rufaffen mai sanyaya nawa ya shekara 3. Yanzu yana ƙarar ɓulɓul, zafi kuma ya ƙaru. — Mai karatu daga Yamai

Fara da ƙura. Cire lagireton ka ɗaga shi wajen haske, in ba ka hango haske ta cikin fukafukansa ba, ka samo rabin matsalar. Hure shi daga baya zuwa gaba, ka riƙe fukafukan fanka da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Da hunturu, duk mako 2 zuwa 3 ake wannan, tare da wanke ragar tace ƙura ta akwatin.

Ƙarar kuma iska ce ta shiga famfo. Ko ba yoyo, ruwa yana ratsa jikin tiyo a hankali ya tsere, zafi yana ƙara masa sauri, gurbin da ya bari iska ce ke cike shi. Iska kullum wuri mafi tsayi take nema, don haka kada famfon, wanda yawanci a kan furosesa yake, ya zama shi ne saman layin. Lagireto a rufin akwati shi ya fi. In a gaba yake, samansa ya ɗara famfon tsayi, tiyoyin kuma su fito ta ƙasa in tsawonsu ya kai. Kunna kwamfutar ka ba ta aiki, sannan ka taɓa tiyoyin biyu. In ɗaya ya yi zafi ƙwarai ɗayan yana sanyi, ruwa ba ya gudu sosai, ko famfo ya gaji ko bulok ya toshe. Yawancin irin waɗannan jan ƙarfe ne a bulok, alminiyum a lagireto, maganin da ke cikin ruwan ne yake raba su faɗa, kuma yana ƙarewa da shekaru. In abin ya kai nan, duba takardar garanti kafin ka buɗe komai, da yawa suna da shekara 3 zuwa 6.